Sautin Miksa Da Sautin Taro: Yadda Ake Haɗa Fayil Biyu Na Wasa Ɗaya Su Zama Guda

Duk wanda ya taɓa ɗaga waya a wajen wasan mawaƙi ya san abin da ke biyo baya. A filin, kiɗa na dukan ƙirji, jama'a na bin amshi, komai ya yi daidai. Da an koma gida an kunna bidiyon, sai a ji ihu da hucin iska da muryar wani na kusa yana tambayar abokinsa inda ya ajiye babur. Mawaƙin da aka je dominsa kuwa, kamar daga cikin rijiya yake magana.

Masu wayo sukan zagaya wajen mai miksa bayan an tashi, su roƙi abin da ya ɗauka a filashi. Wannan fayil ɗin yana fita tas, kowace kalma ana jin ta. Sai dai ba shi da rai. Mawaƙi zai miƙa wa jama'a makirufo su karɓi waƙa, mutum dubu su karɓa, amma a fayil ɗin sai a ji shiru, kamar a ɗaki shi kaɗai yake yi.

Akwai masu sha'awar sauti da suka shafe shekaru suna haɗa waɗannan biyun, su ɗauki tsabtar na miksa da ɗumin na taro su fitar da abu guda. A shafukansu suna yi wa na miksa alamar SBD, na cikin taro AUD, haɗin biyun kuma suna kiransa matiriks, su rubuta MTX. A baki abin da sauƙi: ɗora wannan a kan wancan. A aikace kuwa, mutum na iya kwana uku a kan wasan awa biyu, kuma kuskuren da bai kai ƙiftawar ido ba ya isa ya lalata aikin gaba ɗaya.

Inda abin ya yi ƙarfi

Ba a maganar wannan sana'a ba tare da an ambaci Grateful Dead ba, ƙungiyar mawaƙan Amurka da ta fito daga jihar Kalifoniya a 1965, ta kuma yi wasa sama da 2,000 kafin rasuwar jagoranta Jerry Garcia a watan Agustan 1995. Abin da ya bambanta su shi ne ba sa maimaita wasa. Waƙar da suka yi a minti shida jiya, yau tana iya kai minti ashirin, da wani salo daban. Saboda haka kowane dare abu ne da ba zai sake dawowa ba, kuma masoyansu suka fara shiga da rakoda a ɓoye, cikin riga ko cikin jaka, suna ɗauka suna musayar kaset ta gidan waya.

Maimakon ƙungiyar ta ci gaba da kora, a 1984 sai ta ware wa masu ɗauka wuri na musamman a bayan miksa, har da tikitinsu daban. Sharaɗin ɗaya ne: a yi musaya, kada a sayar. Hotunan wasanninsu na wancan lokaci suna nuna dogayen sanduna masu makirufo a tsaye a tsakiyar fili kamar gonar dawa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, ma'aikatan sautin ƙungiyar su ma suna ɗauka daga na'ura. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Betty Cantor-Jackson. Ita ba abin da ke tafiya lasifika take kwafa ba. Tana jan layukan makirufo zuwa nata ƙaramin miksa, ta yi nata haɗin da hedifon a kunne, ta ɗauka a kan babban zaren tef. A 1986 aka yi gwanjon kayan da ta ajiye a wani sito saboda bashin kuɗin haya, tef ɗin suka faɗa hannun mutanen waje, daga nan kwafinsu ya bazu cikin masoya. Mafi shahara shi ne wasan ranar 8 ga Mayu, 1977, a zauren Barton Hall na jami'ar Cornell da ke jihar New York. A 2012 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sanar da saka wannan wasa cikin jerin sautukan da ƙasar ke adanawa a matsayin kayan tarihi, kuma a 2017 aka fitar da shi kasuwa a hukumance.

To ga dare ɗaya, ga ɗauka iri biyu ko fiye. Dole wani ya yi tunanin haɗawa. A ƙarshen shekarun 1980 injiniyan sautin ƙungiyar, Dan Healy, ya riƙa yin haka tun a filin wasa: yana kafa makirufo a kusa da miksa, ya zuba abin da suka jiyo a kan sautin na'ura, ya ɗauka tare. Masoya har yau suna gardama a kan waɗannan kaset ɗin, wasu na cewa sun fi komai kama da zama a wajen, wasu na cewa hayaniya ta yi yawa. Da kwamfuta ta shiga gidaje, aikin ya koma hannun mutanen da ba su da sitidiyo, sai haƙuri da kunne.

Me ya sa ba za a tsaya a kan na miksa kawai ba?

Saboda mai miksa ba don rakoda yake aiki ba, don kunnen mutanen da ke filin yake yi. Abin da ya riga ya yi ƙara da kansa, kamar ganga ko jita mai nata amfilifaya a kan dandamali, ba ya buƙatar a ƙara shi sosai a lasifika, don haka mai miksa yakan rage shi ko ma ya kashe. Murya kuwa ba ta da ƙarfin kanta, sai a ɗaga ta. Sakamakon shi ne fayil ɗin da murya ta danne komai, ganga tana can nesa. Wanda ya taɓa karɓar fayil daga mai miksa a gidan biki ya san wannan: muryar mawaƙi da piyano suna gaba, kalangun da ya tayar da mutane tsaye kuwa da ƙyar ake jin sa, domin babu wanda ya sa masa makirufo.

Na taro kuma shi ne akasin haka. Ya ji duk abin da kunne ya ji, har da girman zauren da amsa-kuwwar bango da tafi. Amma ya ji tari da hira da kukan yaro, kuma kalmomin waƙa sukan narke cikin ƙugin ɗaki. Akwai wani amfaninsa da ake mantawa: cike giɓi. A zamanin tef, zare kan ƙare ana tsakiyar waƙa, kafin a canza an rasa sakan talatin ko fiye. Da kaset ɗin wani ɗan kallo ake toshe wannan rami. A yau ma, in wuta ta ɗauke miksa ya mutu, wayar da ke cikin taro ita kaɗai ce shaidar abin da ya faru kafin a tayar da janareta.

Matsala ta farko: sauti ba ya sauri

Sautin miksa ta waya yake bi, ana iya cewa nan take yake isa rakoda. Na taro kuwa sai ya fita daga lasifika ya ratsa iska, kuma a iska mai zafin digiri 20 sauti na tafiyar mita 343 ne a sakan ɗaya. Wato kowane santimita 34 yana cin milisakan ɗaya, kashi ɗaya cikin dubu na sakan ke nan. Wanda ya tsaya mita 30 daga lasifika yana jin komai a makare da kimanin milisakan 87.

Milisakan 87 kamar ba komai ba ne, amma kunne ba ya yafe shi. Tun binciken da Bajamushe Helmut Haas ya yi a kan magana a ƙarshen shekarun 1940 aka san cewa idan sauti ɗaya ya zo sau biyu da tazarar da ba ta wuce milisakan 30 ko makamancin haka ba, ƙwaƙwalwa tana haɗe su ta ji abu guda. In tazarar ta haura 50, sai a fara jin su daban. Kowane bugun ganga ya zama biyu, kowace kalma ta samu inuwa. Wannan kuskuren ko yaro zai gane shi.

Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne na ƙaramar tazara. Sauti igiya ce mai hawa da sauka. Idan aka haɗa kwafi biyu, hawan wannan ya faɗa daidai kan saukar wancan, sai su kashe juna. Da tazarar milisakan ɗaya tak, sautin da ke kaɗawa sau 500 a sakan zai ɓace, haka na 1,500, haka na 2,500, a jere kamar haƙoran matsefi. Kunne ba zai ji amsa-kuwwa ba, zai dai ji muryar ta zama siririya, kamar ana magana ta cikin bututu. Mutane da yawa a nan suke faɗawa, su yi ta murɗa ikwalaiza suna neman gyara, alhali ciwon ba can yake ba.

Yadda ake yi da hannu shi ne a buɗe fayil biyun a manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce, ko Reaper, kowanne a layinsa. A nemi sauti mai kaifi wanda ya fito a dukkansu, bugun sanda a kan ganga ko ƙarar da makirufo ke yi in an soka waya. Murya ba ta da amfani a nan, domin a hankali take tashi, ba a ganin takamaiman inda ta fara. A zuƙo hoton igiyar har sai an ga ɗigo-ɗigonta, sannan a ja layin taro baya har tsinin ya hau kan tsini. Daga nan a duba alkibla: in na miksa ya fara da hawa, na taro kuma ya fara da sauka, to ɗayan a kife yake, wataƙila saboda yadda aka haɗa wata waya. Audacity na da umarnin Invert da ke juya shi. Alamar an dace ita ce kaurin sauti ya dawo, ganga ta cika.

Wani abu da sabon shiga ba ya so ya ji: babu daidaito ɗari bisa ɗari. Lasifikar dama da ta hagu ba nisansu ɗaya da makirufo ba, gangar kan dandamali tana da nata nisan, bango na mayar da nasa a makare. Zaɓi ake yi, galibi a bi murya ko ganga. Wasu ma da gangan suke barin na taro a baya da ƴan milisakan kaɗan, domin kunne ya kama na miksa a matsayin asali, na taro ya zama kewaye. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne na taro ya riga na miksa, don a nan amsa-kuwwa ce za ta zo kafin muryar da ta haife ta.

Matsala ta biyu: agogo biyu ba sa tafiya tare

An daidaita farkon wasa, an saurari waƙar farko, komai lafiya. Aka tsallaka zuwa minti na arba'in, sai ga ganga biyu-biyu ta dawo. Ba kuskuren mai aiki ba ne. Kowace rakoda ta zamani, har da waya, tana yanka sauti gutsure-gutsure, sau 44,100 ko 48,000 a sakan, kuma ɗan ƙaramin dutsen kwatz da ke cikinta ne ke ƙirga lokacin. Babu duwatsu biyu da ke kaɗawa daidai wa daida. In bambancinsu ya kai kashi 20 cikin miliyan, wanda ba abin mamaki ba ne a kayan kasuwa, to a awa ɗaya fayil ɗaya zai zarce ɗaya da milisakan 72. In 50 ne cikin miliyan, milisakan 180.

Kuma tun kafin a kai ga jin biyu-biyu, akwai wata ɓarnar. Yayin da tazarar ke ƙaruwa a hankali, waɗancan haƙoran matsefi suna ta matsawa, sai a ji sautin yana shuuu kamar jirgin sama na wucewa. A sitidiyo da gangan ake yin wannan don ado, asalinsa ma da rakoda biyu na tef aka ƙirƙiro shi. A matiriks kuwa shi ne tambarin aikin gaggawa.

Maganin lissafi ne na ƴan aji uku. A daidaita bugu ɗaya a farko, a kira shi sifili. A je ƙarshe a nemi wani bugun. A ce a fayil ɗin miksa ya faɗo a sakan 3,600 cif, a na taro kuma a sakan 3,600.120. Na taro ya fi tsawo ke nan, sai a raba 3,600.120 da 3,600, a samu 1.0000333. Da wannan adadin za a ƙara masa sauri. Manhajar SoX, wadda ake ba umarni a rubuce, tana yin sa da layi ɗaya:

sox taro.wav gyararre.wav speed 1.0000333

A nan akwai tarko. Manhajojin sauti suna da umarni iri biyu masu kama da juna: mai canza sauri tare da kaifin murya, da mai canza tsawo kawai ya bar murya yadda take. Na biyun ya fi daɗin ji a suna, amma na farkon ake so. Agogon da ya yi gudu, tsawo da kaifi duka ya taɓa, don haka tare za a mayar da su. Na biyun yana aiki ne ta hanyar yanyanka sauti yana liƙawa, kuma wannan yankan yakan ɓata daidaiton da aka sha wahala a kansa.

In kuma aka ga bambancin ya yi yawa ƙwarai, minti biyar a awa, murya ta koma ta yara ko ta ƙato, to ba kwatz ba ne. An buɗe fayil mai 44,100 a matsayin mai 48,000 ne, ko akasin haka. Bambancinsu ya kusa kashi 9 cikin ɗari. A fara mayar da su ma'auni ɗaya kafin a taɓa komai.

Duk wannan sauƙi ne in aka kwatanta da abin da masu aiki da tsofaffin kaset ke fama da shi. Kwatz in ya kauce, a kan layi miƙaƙƙe yake kaucewa, gyara ɗaya ya isa. Kaset kuwa mota ce ke jan zare, da batir. Kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari a saurin mota sakan 36 ne a awa. Batir na yin sanyi, sauri na canzawa, a kunna daga baya murya na ta hawa. Ga rawar da zare ke yi saboda roba ta saki ko ƙarfen da ke jansa ya ɗan karkace. Ga kuma kwafi a kan kwafi, kowace rakoda ta ƙara nata. Shi ya sa masu haɗa wasannin shekarun 1970 suke yanka fayil ɗin taro waƙa-waƙa, wani lokaci minti-minti, su auna kowane yanki su miƙe shi daban. Kamfanoni suna da wata dabara da ta fi ƙarfin mai aiki a gida: akwai wani siririn sauti da kunne ba ya ji wanda rakoda ke sakawa a kan tef lokacin ɗauka, kuma tsarin Plangent Processes yana bin sawunsa ya gano yadda mota ta yi rawa, ya warware. Da shi aka gyara tef ɗin Cornell kafin fitowar 2017. Sai dai yana buƙatar asalin tef ɗin, ba kwafi ba.

Iska ma tana da nata. Sauti na ƙara sauri da kusan mita 0.6 a sakan kan kowane digiri na zafi. A mita 30, tsakanin digiri 20 da 40 akwai bambancin kusan milisakan 3. Wasan fili da aka fara da la'asar ana zafi aka gama da tsakar dare, tazararsa ba za ta tsaya wuri ɗaya ba. Balle mai riƙe da waya ya ɗan matsa taku ɗaya ya ba wani hanya: milisakan biyu ke nan sun tafi.

A bar kwamfuta ta nemo

Wanda ya iya ɗan rubuta Python ba sai ya yi ta zuƙo hoto da ido ba. Dabarar ita ce a yanko sakan goma daga kowane fayil, a riƙa zamar da ɗaya a kan ɗaya gutsure bayan gutsure, a kowane matsayi a ninka lambobinsu a tara. Inda jimillar ta fi girma, nan ne suka fi kama da juna, nan ne tazarar. Umarnin correlate na cikin SciPy yana yin wannan cikin ƙiftawar ido. In jimillar mafi girma ta fito da alamar ragi, fayil ɗaya a kife yake.

Daɗin abin shi ne a maimaita awon a kowane minti na wasan, a zana sakamakon. Zanen da kansa zai faɗi ciwon. Layi miƙaƙƙe mai gangara, agogo ne. Tsalle farat ɗaya, an dakatar da ɗauka ko waya ta zubar da wani yanki. Layi mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji, kaset ne ko mai ɗauka ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Manhajojin bidiyo irin DaVinci Resolve da Premiere Pro suna da maɓallin daidaita sauti da kansu, kuma ya wadatar in leɓe da murya kawai ake so su hadu. Amma wuri ɗaya suke ɗaurewa, don haka a dogon wasa sai an bi an duba ƙarshe.

Haɗawar kanta

Bayan an daidaita ne ake zuwa wajen da babu lissafi. A bayanan da masu wannan aiki ke rubutawa ana yawan ganin 60 da 40, ko 70 da 30, miksa ne ke da rinjaye. Lambobin ba doka ba ne. Hanya mai kyau ita ce a fara da na miksa shi kaɗai, a riƙa ɗago na taro a hankali har a ji bango ya buɗe, mawaƙi ya koma cikin mutane. Da zarar kalmomi sun fara dusashewa, an wuce, a ɗan koma baya. Kuma ba dole a bar shi wuri ɗaya ba: a ɗaga taro a lokacin amshi da tafi, a sauke shi in mawaƙi na magana ko in wani na kusa da makirufo ya fara ba da labarin kasuwa.

Kaurin sauti, wato bes, shi ya fi kawo rigima, domin a nan kashe juna ya fi fitowa fili. Yawanci gara a zaɓi fayil ɗaya ya ɗauki nauyinsa. In na miksa na da bes mai kyau, a yanke ƙasan na taro daga wajen 100 zuwa ƙasa, hucin iska ma ya tafi tare. In miksa bai ɗauki ganga ba, a bar na taro ya kawo ta. Kafin a fitar, a matse haɗin ya koma mono a saurara. Yawancin masu ji a lasifikar waya ko ƙaramar sifikar Bluetooth za su ji shi, kuma abin da ya yi daɗi a hedifon yana iya zama fanko a can.

Masu wannan harka suna da wata al'ada da ta cancanci koyi. Ba sa fitar da aiki sai da ɗan fayil na rubutu da ke faɗin asalin kowane sauti: wace rakoda, wane makirufo, a ina aka tsaya, me aka gyara. Suna adanawa a FLAC, wanda ke rage girma ba tare da zubar da komai ba, kuma ba sa taɓa asalin fayilolin. In wani ya zo da kunne mafi kyau bayan shekara goma, zai iya sake aikin daga tushe.

Na wa ne?

A 2002 shafin Internet Archive ya buɗe sashen adana wasannin mawaƙan da suka yarda a ɗauke su, kuma dubban fayilolin Grateful Dead suka koma can. A watan Nuwamban 2005, bisa buƙatar masu kula da harkokin ƙungiyar, aka hana sauke su. Masoya suka yi ca, aka yi ta sa hannu a takardun koke, har mai kaɗa bes na ƙungiyar, Phil Lesh, ya fito ya ce ba a yi shawara da shi ba. Cikin ƴan kwanaki aka sasanta: ɗaukar taro kowa na iya saukewa, na miksa kuwa sai dai a saurara a shafin. Matiriks, tunda akwai sautin miksa a cikinsa, ya faɗa rukuni na biyu. Wato mutum zai yi sati yana aiki, amma rabin abin da ya haɗa ba nasa ba ne. Haka yake a ko'ina: fayil ɗin miksa na mawaƙi ne ko na masu taro, kuma izinin ɗauka daban yake da izinin ɗorawa a TikTok ko YouTube.

Wanda waya kawai gare shi

Ana iya yi, in an kiyaye wasu abubuwa tun a filin. Kada a soka wayar miksa kai tsaye a ramin iyafis na waya. Abin da miksa ke fitarwa ya haura bolt ɗaya, ramin kuma an yi shi ne don makirufo mai fitar da ɗan mitsitsin ƙarfi, sautin zai fashe, kuma fasasshen sauti ba ya gyaruwa. A yi amfani da ƙaramar na'urar sauti ta USB da wayar OTG, ko a bar miksan ya ɗauka a filashi in yana da wurin. Wayar da ke haɗe da miksa kada a sa ta a caji, musamman a kan janareta, don ta nan ƙugin wuta ke shiga.

Wayar da za ta ɗauki taro ita ma tana da halinta. Manhajar kyamara da ta rakodar murya sukan rage ƙara da kansu in sauti ya yi yawa, su kuma goge abin da suka ɗauka hayaniya ce, alhali hayaniyar ake nema. Tun daga Android 7 akwai hanyar ɗaukar sauti ɗanye ba tare da wannan gyaran ba, kuma wasu manhajojin rakoda suna ba da zaɓinta in wayar ta yarda. A zaɓi WAV a kan 48,000, a sa waya a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse, a ɗaure ta a sanda ko a jingine ta wuri ɗaya sama da kawunan mutane, kusa da mai miksa, domin daga nan yake auna abin da kowa ke ji. Kada a dakatar da ɗauka ko da an tafi hutu, kowace dakatarwa sabon aikin daidaitawa ce. In da hali, wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban makirufon dandamali kafin a fara da kuma bayan an gama, ga tsini biyu na awo an samu a kyauta. Wajen tura fayil kuma, a bi ta kebul ko Xender, ko a aika shi a WhatsApp a matsayin takarda. In aka bari manhaja ta matse shi, ƙananan bayanan da ake daidaitawa da su sun ragu.

Aikin daidaitawar ya fi sauƙi a kwamfuta, ko da tsohuwa ce, amma manhajojin waya masu layi da yawa irin n-Track Studio da Audio Evolution Mobile suna bari a zuƙo a ja layi. Ga gajeren bidiyo na minti uku, matsalar agogo ba za ta kai ta dame ba, tazarar nisa kawai za a gyara.

Wanda kuma ya ga zai riƙa yin wannan a kai a kai, akwai hanyar tsallake rabin wahalar. Rakoda irin Zoom H4n ko H5 tana da makirufo biyu a kanta da ramuka biyu na karɓar waya daga miksa, tana ɗaukar layi huɗu lokaci guda. Tunda dutsen kwatz ɗaya ne ke ƙirga wa dukkansu, babu wanda zai zarce wani ko wasan ya kai asuba. Abin da ya rage shi ne nisa: a ƙirga mita nawa ne daga lasifika zuwa inda rakodar take, a ninka da uku, a ja layin taro baya da wannan adadin na milisakan, sannan a zuƙo kan bugun ganga na farko a ƙarasa sauran da ido.